Makarancin Rumfar Baitoci

'Yata ta fari ce ta saka ni a zauren marubuta waƙa na cikin waya. Ban roƙe ta ba. Ta zo shagona wata Asabar, ta ɗauki wayata daga kan benci, ta daddanna, ta ajiye. Ta ce daga yau ina da mutum ɗari huɗu da za su karanta mini waƙata, sai in ƙyale mahaifiyarta ta huta.

Sana'ata gyaran keken ɗinki. Tun ina saurayi nake yinta, kuma babu telan da ya taɓa dawo mini da aiki. Ban yi nisa a makaranta ba. Da yatsa nake bin layi, amma abin da na karanta na karanta shi. Waƙa ɗaya na rubuta a rayuwata, a kan tsatsa. Na ga abin da take yi wa ƙarfe idan mai shi ya juya baya, na ga tana yi wa mutane irinsa, na zauna na rubuta. Ba zan kawo ta a nan ba, nan ba wurinta ba ne.

Abin da nake so bai da yawa. Mutum ɗaya, wanda ba ya cin abincin gidana, ya karanta ta daga farko har ƙarshe, ya faɗa mini abin da ya gani. Matata ba ta cikin wannan. Tana cewa ta yi kyau tun ban buɗe baki ba. Maƙwabcina mai walda kuwa ƙarar injinsa ta cinye masa kunne, kuma idonsa ba ya ganin abin da bai kai ƙyaure girma ba. Na taɓa miƙa masa takardar, ya riƙe ta a juye, ya ce rubutuna ya miƙe.

Sunan zauren Rumfar Baitoci. Shugabansa wani likitan haƙori ne. A can sama an kafa doka: kafin ka saka waƙarka ɗaya, sai ka karanta goma na wasu, ka ce wani abu a kan kowacce. Ni mutum ne mai bin doka. Na sa tabarau na fara.

Ta farko ta wani direban motar asibiti ce, a kan matar da ta ƙi shi. Na bi ta tsakanin keke da keke, ta ci mini rabin yini. A ƙarƙashinta na ga ƙananan hotuna a jere, furanni da harshen wuta da hannaye masu tafi. Na ɗauka ado ne da wayar take sakawa da kanta, irin zanen da kamfani yake yi a jikin keke. Na rubuta masa: “Na karanta. A baiti na biyu ka ce ta tafi ta bar ka. A na tara ka ce tana zaune a zuciyarka ba ta motsi. Ka tsayar da magana ɗaya.”

Zauren da ba ya numfashi biyu ba tare da wani ya jefo waƙa ba ya yi tsit, kamar ruwa ya cinye shi. Sai wayata ta yi ƙara. Direban ne. Ina jin jiniya a bayansa.

“Baba, har baiti na tara ka kai?”

Na ce har ƙarshe na kai, doka ce.

Sai na ji yana jan hanci. Ya ce ya daɗe a zauren nan, babu wanda ya taɓa wuce masa layin farko, har da shi kansa tun ranar da ya gama rubuta ta. Na tambaye shi ko da mara lafiya a motar. Ya ce akwai, amma ya tsaya a gefen titi, karaya ce kawai, kuma mutumin ma ya ce yana so ya ji abin da aka ce a kan baiti na tara. Na ce ya kai bawan Allah asibiti. Na kashe.

Da yamma 'yata ta biyo ta shago. Ita ce ta gaya mini cewa furannin nan mutane ne suke sakawa, kuma ma'anarsu ita ce na biyo ta nan. Babu mai karantawa. Kowa yana jefa wa mutum goma fure, ya jefa tasa waƙar, ya koma gefe yana jiran nasa furannin. Na ce doka ta ce a karanta. Ta yi dariya har ta dafa teburin aiki, ta ce dokar kamar allon hana ajiye mota ce, a ƙarƙashinsa aka fi samun inuwa.

Na riga na fara, kuma ba na barin aiki a buɗe. Na karanta sauran taran. Ban yi dogon bayani ba, don ba ni da shi. Wani na ce masa, “Ta yi tsawo.” Wata malamar makaranta na ce mata wata ya fito a waƙarta sau da yawa, rana ba ta fito ba ko sau ɗaya. Wani lauya na ce masa ban gane ba, amma na kai ƙarshe. Wanda na ce wa ta yi tsawo mai sayar da tayal ne. Daga baya na ji ya buga maganar a babbar takarda, ya sa mata gilashi, ya rataye a shagonsa sama da hoton mahaifinsa.

Da na cika goma, 'yata ta buga mini tawa, na danna da hannuna. Ban ɗaga yatsa ba furanni suka fara zuba. Ni da na rubuta ta, butar shayi tana tafasa ta huce kafin in kai ƙarshenta. Su kuwa kafin in gyara zaman tabarau sun cika ƙarƙashinta da furanni kamar an yi ɓarin lambu. Babu kalma ko ɗaya. Na ce bari in jira, mai karatu ba ya gaggawa.

Waɗanda suka zo ba masu karatu ba ne. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Direban ne ya fara gano shagon. Ya zo da motar asibiti, ya tare rabin layin, ya shigo da waƙa uku. Washegari mai tayal ya zo, da malamar, da wasu da ban taɓa gani ba. Kafin mako ya zagayo bencina ya cika, sun jeru a bakin kwata har ƙofar mai walda. Kowa da wayarsa a hannu, an kunna, an juyo da fuskarta wajena. Telolin da suka saba kawo mini aiki sai sun ratsa ta cikinsu da kan keke a kafaɗa suna neman hanya.

Na ce musu nan wurin gyaran keke ne, wanda ba shi da keke ya tafi. Na ɗauka na kashe maganar. Da safe sai ga lauyan da sabon keke fil a kwalinsa. Na buɗe na ga an karya masa allura da gangan, an tura cingam a gidan zare. A ƙarƙashin ƙafar da take danne yadi kuma an maƙale takarda mai baiti arba'in. Na dube shi. Ya ce shi abokin ciniki ne, kuma yayin da nake jiran man keke ya ratsa, ai idona ba ya aikin komai.

Daga nan kowa ya nemo keke. Wasu sun aro na matansu, wasu na surukansu. Na ji an ce a unguwarmu teloli sun fara ba da hayar matattun kekuna ga mawaƙa. Akwai wani tsohon keke mai tsagaggen feda da ya shigo shagona a hannun mutum bakwai daban-daban. Na gyara shi, suka fita da shi, suka lalata a bayan shago, wani ya sake shigowa da shi. Ni kuwa ba na iya ganin keke a lalace in ƙyale, ba na kuma iya ganin rubutu a gabana in ƙi bin sa da yatsa. Sun gano wannan tun kafin ni in gano.

Idan ina karatu sai su kewaye ni su zuba wa fuskata ido. Wani yana ɗaukar hoto yana turawa zaure: Baba ya ɗaga gira a baiti na uku. Wata rana ƙurar zare ta shiga mini hanci na yi atishawa a tsakiyar waƙar malamar. Aka kwana biyu ana gardama a zaure. Wasu suka ce yabo ne, wasu suka ce suka ce. Malamar ta cire baitin, ta sake mayar da shi, sannan ta zo ta tambaye ni a ladabce ko atishawar ta layin farko ce ko ta na biyu. Na ce ta hanci ce. Ta rubuta wannan ma.

Mai walda yana leƙowa yana dariya. “Tsoho, ka buɗe asibiti ne ba ka gaya wa maƙwabta ba?” Na ce ya koma kan ƙarfensa.

Matata kuwa abin ya yi mata daɗi. Tun da aka fara ban sake karanta mata waƙar tsatsa ba, don ina komawa gida idona ya gaji. Ta yi ƙiba. Ta fara aiko wa masu layi ruwan sanyi.

Sai shugaba da kansa ya zo. Dogo ne, da farar riga ta aiki, yana magana yana kallon haƙoran mutum. Ya ce kwamitin zaure ya zauna, an naɗa ni Makarancin Rumfar Baitoci, muƙamin da ba a taɓa yi ba saboda ba a taɓa samun wanda zai riƙe shi ba. Ya ce zauruka irin nasu sun fi a ƙirga, kowanne cike da mawaƙa, amma babu mai makaranci ko ɗaya sai su. Ya roƙe ni kada in amsa kiran baƙuwar lamba, don akwai wani zaure da yake neman sace ni.

Na ce ban nemi muƙami ba, waƙa na kawo a karanta.

Ya ce ai ta samu furanni fiye da kowace waƙa a tarihin zauren, har tasa. Ya ce haƙorina na ƙasa na hagu yana son cikewa, in zo kyauta.

Daga ranar idona ya zama dukiyar zaure. Aka kawo mini maganin ɗigawa da kwandon karas. Direban, idan ba ya bakin aiki, yana bina da lema kada rana ta taɓa ni. Suka je wurin mai walda suka ce tartsatsin wutarsa haɗari ne ga adabi, suka rataya bargo tsakanin shagona da nasa. Ya zage su tas, ba su damu ba, ɗaya daga cikinsu ma ya tambaye shi ko zai iya maimaita zagin a hankali ya rubuta, don akwai karin waƙa a ciki. Wanzamina ya ce mini an je an gargaɗe shi kada kumfa ta kusanci idona. Har gidan wanka na kasuwa wani ya taɓa turo mini takarda ta ƙarƙashin ƙofa.

Duk wannan ina jira. Kullum da safe kafin in buɗe shago ina duba ƙarƙashin waƙata. Furanni suna ƙaruwa, kalma babu.

Wata rana direban yana riƙe mini da lema a bakin shago, na tambaye shi ko ya karanta tawa. Ya ce sosai ma, ta taɓa masa zuciya. Na ce a kan me take magana. Ya sauya hannun lema. Ya ce a kan ƙauna, irin ta manya. Na juya wurin mai tayal, ya ce a kan mahaifiya ce, shi ma tasa ta rasu. Lauyan ya ce waƙa irin wannan ba a tsare ta a ma'ana ɗaya. Malamar ce kawai ta sunkuyar da kai.

Na cire tabarau, na sa a gidansa, na sa gidan a aljihu. Na ce daga yau ba na karanta ko harafi ɗaya na kowa, sai mutum ɗaya a cikinsu ya karanta tawa har ƙarshe ya gaya mini abin da ke ciki. Wanda ya kawo keke zan gyara keke, takardar da na samu a ciki zan goge mai da ita.

Na yi hakan kuwa. Baiti arba'in na lauyan sun sha baƙin mai.

Zaure ya rikice. 'Yata ta ce mini waƙoƙi sun taru babu mai taɓa su, furanni ma an daina sakawa, don yanzu kowa ya san fure ba komai ba ne. Wanda ya taɓa ɗanɗana a karanta shi ba ya komawa cin fure. Mai tayal ya daina buɗe shago. Wani ya rubuta cewa abincinsa ba ya wucewa. Masu layi ba su daina zuwa ba, sai dai yanzu zama kawai suke yi, su yi tagumi suna kallon aljihun da tabarau yake ciki.

Shugaba ya kira taron gaggawa a ɗakin jira na asibitinsa, ya aiko direban ya ɗauke ni. Ɗakin yana warin magani. A bango akwai hoton wani katon haƙori yana murmushi. Mawaƙa sun cika kujeru, wasu a ƙasa. A lungu akwai wani mutum da kumburarren kunci wanda ciwo ne ya kawo shi, aka ce ya yi haƙuri.

Shugaba ya ce abin da Baba ya nema ba shi da wuya, baiti talatin ne da 'yan kai, yanzu za a gama. Aka buga waƙar a takarda da manyan baƙaƙe. Ya ce wa zai fara. Kowa ya dubi na kusa da shi. Direban ya miƙe, ya ce shi ne ya fara cin moriyar Baba, shi zai biya.

Ya karɓi takardar, ya gyara tsayuwa, ya karanta sunan waƙar. “Tsatsa,” in ji shi. Ya sake cewa, “Tsatsa.” Na ga idonsa ya bar takardar ya tafi silin. Leɓensa ya fara motsi. Ya ce a gafarce shi, wani abu ya zo masa, kada ya gudu. Ya ajiye takardata a kan kujera, ya zaro waya ya fara rubutu da manyan yatsu biyu.

Mai tayal ya karɓa. Ya kai rabin layin farko, ya ce kai, wannan ya tuna masa da ƙofar gidan kakarsa. Shi ma ya zaro waya. Lauyan ya ce shi ya saba karanta dogayen takardu, a ba shi. Ya karanta layin farko cikakke, da murya mai kyau, na yarda. Sai ya tsaya ya ce da shi ne da ba haka zai buɗe ba, da zai ce kaza. Ya fara faɗin kazan, bai dawo ba.

Na zauna ina kallo, hannuwana a kan gwiwa. Ba da gangan suke yi ba, wannan na gani da idona. Gumi suke yi. Mutum zai riƙe takardar da hannu biyu kamar mai ɗaga buhu, ya ja layi ɗaya, sai tasa waƙar ta taso masa daga ciki ta rufe masa ido.

Shugaba ya ce matsalar waya ce da alƙalami. Aka tattara su duka a cikin bokiti. Aka shigar da direban ɗakin cire haƙori, aka kwantar da shi a kujerar, aka kunna masa fitilar nan mai haske a kan takardar, aka rufe ƙofa. Muka jira. Da aka buɗe, aka same shi a tsaye gaban madubi, ya rubuta baiti biyar a jikin madubin da man goge baki. Yana kuka. Ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa.

Malamar ce ta fi kowa nisa. Ta toshe kunnuwanta da auduga, ta sa aka riƙe mata hannaye ta baya, shugaba ya riƙe mata takardar. Ta karanta baiti na farko. Ta shiga na biyu. Har mai kumburin kunci ya daina nishi. Ni kaina na matso bakin kujera, ban so hakan ba. Ta kai ƙarshen baiti na biyu, ta ja numfashi, ta buɗe baki za ta shiga na uku. Abin da ya fito ba nawa ba ne. Baiti ne mai wata a ciki. Ta ce a yi mata rai a sake ta, ko wani ya rubuta mata kafin ya ɓace.

Na juya wurin mai kumburin kunci. Na ce shi fa, yana karatu? Ya gyaɗa kai. Na ji wani sanyi. Na miƙa masa takardar da kaina. Ya dube ta, ya dube ni, ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zaro tasa, a ninke huɗu. Da kyar yake magana saboda kuncin, amma na gane. Ya ce tun da Allah ya haɗa mu.

Na tashi na tafi gida a ƙafa. Ban yarda an bi ni da lema ba.

Kafin rana ta faɗi, in ji 'yata, waƙoƙi a kan tsatsa sun cika zaure. Tsatsar ƙauna, tsatsar ƙofar kaka, tsatsar wata. Kowacce an rubuta a samanta cewa sadaukarwa ce ga Baba Makaranci, kuma ana jiran ra'ayinsa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Matata ta ce ai wannan ɗaukaka ce, mutum ya rubuta waƙa ɗaya ta haifi sittin. Na ce mata akuyar da ta haifi sittin ba a taɓa duba bakinta ba, ba ɗaukaka ta samu ba. Ta ce in ci abinci.

Kwamiti ya yi ta zama. Ni ina shagona ina aikina. Tabarau ina sa shi don allura da ƙananan kusoshi, in na gama in mayar aljihu. Teloli sun samu hanya, sun gode. Mai walda ya yaye bargon ya shimfiɗa wa karensa.

Ranar da suka dawo, da tsakar rana ne, na warware kan wani keke ina wanke shi da kananzir. Na ji layin ya yi shiru, har injin mai walda ya tsaya. Na ɗaga kai. Shugaba ne a gaba da farar rigarsa, lauyan a damansa, sauran a baya har bakin titi. Matata ma tana nan, ta kawo mini abincin rana ta tsaya kallo da kwano a hannu. 'Yata tana gefenta.

Shugaba ya ce an samu mafita, kuma lauya ne zai yi bayani. Lauyan ya gyara murya. Ya ce sharaɗin Baba shi ne mutum ɗaya daga cikin zaure ya karanta waƙar har ƙarshe ya faɗi abin da ke ciki. Ya ce kwamiti ya duba, ya ga cewa karatu a Rumfar Baitoci aikin ofishin Makaranci ne, ba na kowa ba, kuma duk waƙar da aka saka a zaure haƙƙinta ne ta je gaban Makaranci. Waƙar tsatsa tana zaure. Makaranci ɗan zaure ne. Saboda haka an yanke cewa a tsallake da ita gaban layi, a gabatar da ita ga Makaranci yau, ya karanta, ya faɗi ra'ayinsa. Duk abin da ya ce, zaure ya karɓa, za a buga a sa gilashi. Daga nan sharaɗi ya cika, sai a ci gaba da sauran, a fara da sittin ɗin nan.

Suka yi tafi, a hankali, irin na masu ladabi.

Na ce abincin gidana fa, wa yake ci in ba ni ba. Lauyan ya ce wannan sharaɗin ba a faɗa wa zaure shi ba, a zuciyata yake, kuma kwamiti ba ya aiki da abin da ke zuciya.

Shugaba ya matso, ya shimfiɗa takardar a kan teburina, tsakanin gwangwanin kananzir da sukundireba. Ya danne gefenta da kwalbar man keke kada iska ta ɗauka. Direban ya zo ya tsaya a bayana ya buɗe lema, a cikin shago. Wayoyi suka ɗagu, duk sun juyo wajen fuskata.

Na dubi takardar daga nesa. Ba tabarau, baƙaƙen sun zama kamar tururuwa a kan faranti. Na san kowace ɗaya a cikinsu. Na san inda baiti na goma sha bakwai yake ɗingishi, na daɗe ina so wani ya gaya mini ko shi ma ya ji ɗingishin, ko ni kaɗai ne. Abin da zan ce a kanta na sani tun kafin in rubuta ta.

Mai walda ya leƙo ta saman kawunansu. “Tsoho, ka samu mai karatu ke nan. Ga shi ma ka san gidansu.”

Matata ta ce, “Malam, ka karanta mana kowa ya huta. Abincin nan yana hucewa.”

Malamar ta matso kusa, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce ita ta ga baiti biyu, kuma tana jin masu kyau ne, in na karanta sauran ta yi alkawarin za ta saurara iyakar ƙarfinta. Na ga yatsunta suna motsi a kan wayarta tun tana maganar.

Shugaba ya sa hannu a ladabce ya nuna aljihuna. Ya ce, “Baba, tabarau.”

Na ɗaga kwalbar man, na ɗauki takardar, na ninke ta, na sa a aljihun da tabarau yake. Na jawo keken gabana, na tsoma buroshi a kananzir.

Na ce, “Ba zan karanta ba.”